Ƙarafan da Mayen Ƙarfe Ba Ya Kamawa

Tambaya: Wani matashi daga ƙasar Gaya ya rubuto cewa ya fara sana'ar gwangwan, yana bin ƙauyuka da kasuwar Wudil ranar Juma'a yana sayen tsofaffin ƙarafa. Yana da mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar sifika, duk abin da ya kama ya san baƙin ƙarfe ne. Waɗanda bai kama ba kuwa, ya ga dilolin Kano suna biyansu da tsada, kowanne da farashinsa. Yana son ya san mene ne su, yaya zai rarrabe su, me ake yi da su, kuma ko gaskiya ne tukunyar dalma tana cutarwa, tunda masu zubin tukwane na garinsu a hannunsa suke sayen kayan narkawa.

Amsa: Ƙanena, Allah ya yi wa nema albarka. Na ji daɗin tambayar nan, musamman ƙarshenta, domin wanda yake sayar wa mai zubin tukunya kaya yana da hannu a abin da yaran garinsu za su ci, ko ya sani ko bai sani ba. Za mu zo kanta a tsanake. Bari mu fara da mayen ƙarfen naka.

Abu ɗaya yake gaya maka, wato ko akwai baƙin ƙarfe a wurin, kuma ko a wannan ɗin yakan ruɗe ka. Gwangwanin madara da na tumatir baƙin ƙarfe ne da aka yi wa shafen kuza, shi ya sa yake kama su, na lemo kuwa alminiyam ne, ba ya kama shi. Kwanon rufi na gama-gari baƙin ƙarfe ne da aka tsoma a tutiya. Sandar nan ja da masu wayarin suke kafawa a ƙasa bayan gida, galibinta jan a fata yake, cikinta baƙin ƙarfe ne. Akwai kuma akasin haka. Kwanon silba da cokulan silba masu kyau sau da yawa maye ba ya kama su, alhali yawancin jikinsu baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, da kuma nikel. Kada ka jefa silba a buhun alminiyam don kawai bai kamu ba. Ya ninka shi nauyi kusan sau uku, kuma in ka kara shi a injin wasa wuƙa zai yi tartsatsi. Alminiyam da jan ƙarfe da tagulla da dalma ba sa tartsatsi.

Bayan maye sai hannunka. Ka ɗauka an narka kowane ƙarfe an cika mazubi mai cin lita ɗaya da shi. Ruwa a wannan mazubin kilo 1 ne. Alminiyam zai ba ka kilo 2.7, tutiya 7.1, kuza 7.3, baƙin ƙarfe 7.9, jan ƙarfe kusan 9, azurfa 10.5, dalma 11.3, zinare 19.3. Wanda ya daɗe a sana'ar ba ya wannan lissafi, ɗaga abu yake ya jinjina ya jefa shi inda ya dace, amma abin da hannunsa yake aunawa ke nan. Sai launi, kuma na ciki shi ne abin yarda. Ka riƙa yawo da ƙaramin magagari a aljihu, ka goga gefe guda har ka wuce fenti da dauɗa da shafen sama. Ja mai sheƙi jan ƙarfe ne, ruwan ɗorawa tagulla ce, fari mara nauyi alminiyam. Fari mai nauyi da yake karyewa in an doke shi maimakon ya lanƙwasa, yawanci zubin tutiya ne. Mai ruwan toka, mai taushin da farce zai yi wa zane, dalma ce, kuma in ka ja ta a kan takarda za ta bar layi.

Abin da ya haɗa su duka shi ne ba sa tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Iska da danshi suna taɓa su, amma tsatsar baƙin ƙarfe ɓarewa take ta faɗi ta buɗe wa ruwa sabon wuri, ta waɗannan kuwa mannewa take ta rufe jikin, kamar fatar da ke kwantawa a saman kunu idan ya huce. Ta jan ƙarfe kan fara da ƙasa-ƙasa ta koma koriya, ta alminiyam ba ta ma ganuwa. Daga nan kowanne ya kama hanyarsa, ba halinsu ɗaya ba, kuma kusan duk asarar da ake yi a kansu, ta kuɗi ko ta lafiya, daga cakuɗa su take zuwa. Ko dila ma in ka kai masa buhu a gauraye, da farashin mafi arha a ciki zai auna maka.

Jan ƙarfe ne mai tsada a kayanka. In ban da azurfa, babu ƙarfen da ya kai shi ɗaukar wutar lantarki, ga shi ana jan sa ya zama waya siririya bai tsinke ba, sai a digiri 1,085 yake narkewa. Samunsa kuma da wuya. A yawancin manyan mahaƙai, tan guda na dutse ba ya ba da kilo 10. Ƙasar Chile ce ta fi kowa haƙo shi, a Afirka kuwa Kwango da Zambiya. Da dala ake yanka farashinsa a kasuwar ƙarafa ta Landan, kuma yakan ninka na alminiyam sau uku zuwa huɗu, don haka in ka ji dila ya ce kuɗin jar waya ya motsa a cikin mako guda, ba lallai ƙarya yake ba. Tun tuni kakanninmu suke cinikinsa. Matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya isa Takedda, a yankin Agadas na Nijar ta yau, a 1353, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda, ana sayen nama da itace da gero da shi, ana kuma kai shi Gobir da Barno.

Tsadar nan ce ta haifi jabun waya, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin manoma da masu ƙananan shaguna ne suke kwana a ciki. Alminiyam ne ake yi wa shafen jan ƙarfe a rufe da roba a sayar da sunan jar waya. Alminiyam yana ɗaukar wuta, amma kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa yake ɗauka. Ka duba abin da wannan yake nufi ga wanda ya sa sola a Kura ko a fadamar Haɗeja. Kayan da ke cin wat 1,000, in daga wutar gari mai bolt 230 suke sha, amfa 4 da 'yan kai za su ja, amfa kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bin waya. Daga batir mai bolt 24 kuwa, wajen amfa 42 ne za su bi ta wayar da ke tsakanin batir da inbata. Ka sa jabu a nan, za ta ɗumama, robar ta yi laushi, wani ɓangare na abin da farantin sola ya tara ya tafi a zafi, wata rana kuma ta kama da wuta. Araha ba ta ado.

Gane ta ba wuya. Feƙe robar, ka ware siliya ɗaya, ka kankare ta da reza. In fari ya leƙo daga ƙarƙashin jan, magana ta ƙare. Ko ka kunna laita ka riƙe siliyar a kan harshen wutar. Ta gaskiya za ta yi baƙi, ta yi ja, amma tana nan a miƙe. Jabu nan da nan za ta sunkuya, in ka murza ta a yatsa ta marmashe. Haka za ka yi wa koyil ɗin fanka da janareta da famfon rijiyar burtsatse kafin ka biya kuɗin jan ƙarfe, don da yawa yanzu da alminiyam ake naɗa su.

Ba wai wayar alminiyam aibi ce ba. Wayoyin da kake gani a kan falwayoyin kamfanin wuta na KEDCO alminiyam ne, saboda rashin nauyi da sauƙin kuɗi, an kuma ƙara musu kauri don su rama. Matsalar tana mahaɗa. In aka murɗe alminiyam da jan ƙarfe wuri guda raɓa ta sauka, jan ƙarfen yana cin alminiyam ɗin har ya zama farin gari. Ga shi alminiyam ya fi buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, sai noti ya saki, mahaɗa ta fara ƙyasta wuta. Akwai mahaɗi na musamman, gefe ɗaya jan ƙarfe gefe ɗaya alminiyam, shi ake sawa.

Abu biyu zan roƙe ka a kan jar waya. Kada ka ƙona ta don cire roba. Hayaƙin guba ne gare ka da maƙwabta, kuma ƙonanniyar waya farashinta ƙasa yake da feƙaƙƙiya mai sheƙi. Sannan ka san daga ina ta fito. Wanda ya kawo maka kebul mai kauri, sabon yanka, da dare, na taransifomar wani gari ne ko na solar rijiyar da mata ke ɗiban ruwa. Wannan kuɗin ba ya albarka, kuma mai saye ake fara kamawa.

Tagulla gauraye ce, kuma iri biyu ce. Mai ruwan ɗorawa jan ƙarfe ne da tutiya. Ita ce a kan famfo, da makullai, da bakin risho na gas, da likkafar hawan salla, da tasoshi da butocin da Nufawan Bida suka yi suna a kai. Mai duhu-duhu jan ƙarfe ne da kuza wajen kashi 12 cikin 100. Ta fi jure guga, shi ya sa ake yin bushin injuna da ita, ita ce kuma aka yi tsofaffin kayan zubin Igbo-Ukwu, a jihar Anambra ta yau, da ita tun wajen ƙarni na 9. A Kano aikin irin waɗannan na maƙeran fari ne, masu mundaye da zobba da kayan doki, su kuwa maƙeran baƙi suna kan garma da fartanya da lauje. Ka riƙe abu ɗaya, don zai yi mana amfani a gaba: tagullar kan famfo da makullai sau da yawa akan sa mata dalma kashi 2 zuwa 3 cikin 100 don ta yi daɗin yanka a inji. Koren da ke fitowa a tasar tagulla idan nono ko wani abu mai tsami ya kwana a ciki kuwa yana sa amai da ciwon ciki. Dalilin da ya sa mutanen da suke shafe cikin tasar da kuza ke nan.

Tutiya aikinta gadin baƙin ƙarfe. A kwanon rufi ita ce take cinyewa a madadinsa, ko an karce wuri ta gefen tana kare shi, sai ranar da ta ƙare tsatsa take samun ƙofa. Kwano mai arha shafensa kaɗan ne, kuma rufin madafa da na turken dabbobi su ke fara hujewa saboda hayaƙi da tururin fitsari. Za ka same ta a zube a hannun ƙofa da wasu kafiretoci, kuma ita ce kwanson batirin tocila. Tana narkewa a digiri 420, ta tafasa a 907, wutar walda kuwa ta wuce nan nesa. Shi ya sa mai walda a kan bututu mai shafen tutiya yake shaƙar farin hayaƙi, da dare zazzaɓi da ciwon jiki su rufe shi, bayan kwana ɗaya ko biyu ya warware. Shan madarar gwangwani da wasu ke yi don kariya ba ya hana wannan. A goge shafen daga wurin da za a yi waldar, a yi ta a fili inda iska take kaɗawa.

Kuza kuwa tamu ce ta gida. Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, can kudu bayan dajin Falgore, an san ta da ita tun kafin zuwan Turawa. A wancan zamanin mutanen wurin suna wanke baƙin yashin kuza a rafi, su narka, su zuba a mazubin da aka huda da tsinkayen ciyawa, ta fito sirara-sirara, fatake su ɗaure ta su shiga da ita kasuwanni. Irin wannan kuzar ce 'yan kasuwar Ingila suka gani a bakin Binuwai a shekarun 1880, suka yi ta bin sawunta har suka hau tsaunukan Jos a farkon shekarun 1900. Aka ja layin dogo daga Zariya ya isa can a 1914, dubban 'yan ƙasar Hausa suka tafi aikin kuza, har farashinta ya rushe a duniya a 1985. Ƙasar Riruwai har yau tana da kuza da tutiya da wani ma'adini da ake kira kwalambait. Kuza tana narkewa a digiri 232 kawai, ba ta da guba, shi ya sa take cikin gwangwanin abinci. Abin liƙin mai gyaran rediyo, na da, kuza ce kashi 60 da dalma kashi 40, yana narkewa a wajen digiri 190.

Azurfa da zinare ba za su riƙa faɗowa buhunka ba, don haka a taƙaice. Zinare tsantsa karat 24 ne, mai 21 kashi 87.5 ne, mai 18 kashi 75, kuma akan buga 875 ko 750 a jiki, azurfa mai kyau 925. Hatimi ana buga na ƙarya, nauyi ne yake da wuyar sata. Da yawa daga tsofaffin mundayen azurfa na ƙasar nan daga liyari aka narka su, dalar nan ta Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780. In tsohuwa ta kawo maka irinsu, ka kai ta wurin maƙerin fari a gwada, kada ka auna mata a kilo.

Yanzu sai alminiyam, wanda wasu ke kira goran ruwa ko sanholo. Shi ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, wajen kashi 8 cikin 100, amma raba shi da ƙasarsa sai da lantarki mai yawan gaske, kuma sai a 1886 aka gano hanyar. Kilo guda yana cin kusan yunit 14 na wuta. Ƙasar Gini ce ta fi kowa arzikin jar ƙasar da ake ciro shi daga cikinta. Nijeriya ta gina masana'antarsa a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom, ta fara aiki a 1997, amma ta fi daɗewa a tsaye. Sake narka tsohon alminiyam kuwa kashi 5 cikin 100 na wancan makamashin yake ci, kuma ƙarfen ba ya raguwa a daraja. Wannan shi ne ƙashin bayan sana'arka. Aninin farko da Turawa suka buga mana a 1907 ma alminiyam ne, da suka ga yana lalacewa a hannun jama'a suka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel.

Zafi yana ratsa alminiyam da sauri, ga rashin nauyi, shi ya sa ya kori tukunyar ƙasa daga gidan biki. Amma fatar nan da ke kare shi tana da abokan gaba biyu, duka suna madafarmu. Tsami, wato tsamiya da yakuwa da zoɓo da tumatir, da kuma kanwa. Matan gida sun san tukunyar da ake dafa wake da kanwa takan yi baƙi a ciki ta yi 'yan ramuka. Sodar yin sabulu kuwa cinye shi take gaba ɗaya, tana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, don haka mai yin sabulu ta nemi roba mai kauri ko silba.

Tukunyar da muke ce wa ta dalma ba dalma ba ce, alminiyam ce. Dalma ta ainihi tana narkewa a digiri 327, murhun itace ma zai zubar da ita. Amma amsar ba ta ƙare a nan ba, sai ka tsaya a rumfar mai zubi ka ga yadda ake yi. Zai kife tsohuwar tukunya a akwatin katako, ya cika da yashi mai danshi, ya tattake da ƙafa, ya raba akwatin biyu ya zare tukunyar, ya mayar ya bar kafar zubi. Gefe guda yaro yana juya wilin keke, fanka tana hura gawayi, kaskon ƙarfe yana kan wuta. Alminiyam ba ya ja kafin ya narke, yana nan fari sai ka ga ya zube a digiri 660. Mai zubi ya yaye dattin saman da ludayin ƙarfe, su kama kaskon da awartaki su tuttula. Ba a jima ba a fasa yashin, ga tukunya da kunnuwanta, saura gugar magagari. Duk abin da aka jefa a kaskon nan yana cikin tukunyar. Masu zubi suna son fistin da kan inji saboda sinadarin silikon da ke cikinsu yana sa ruwan ya bi mazubi sosai. To tare da su ne ake kwaso tsohon lagireto mai liƙin dalma, da kan batir, da ɗan nauyin da ake maƙala wa wilin mota, da guntayen tagulla, da allon rediyo. Dalma kaɗan tana narkewa a ruwan alminiyam, in ya daskare sai ta ware ƙwaya-ƙwaya a jikin tukunyar, tsami ya riƙa lasar ta. A 2014 an gwada irin waɗannan tukwane na zubi a Kamaru, aka samu da yawansu suna sakin dalma idan an tafasa ruwa mai tsami a ciki.

Jikin mutum yana bukatar tutiya da jan ƙarfe 'yan kaɗan, har ƙwayar zinc, wato tutiya, ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari. Dalma kuwa babu aikin da take yi a jiki sai ɓarna, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta da za a kira mara illa. Hanjin yaro yana tsotsarta ninki huɗu zuwa biyar na babba. Tana taruwa a ƙashi shekara da shekaru, tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi. Kaɗan-kaɗan tana rage kaifin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama ba, mai yawa tana kawo ciwon ciki da ƙarancin jini da jijjiga da mutuwa. Mun ga haka a Zamfara a 2010, a Dareta da 'Yargalma da Bagega da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinaren yankin suna da dalma, ana kawo su cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, kuma sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Kai dalmarka a batir take. Fiye da rabin nauyin batirin mota ko na sola irin mai ruwa dalma ce, kuma yanzu da sola ta shiga kowane ƙauye, matattun batira za su yi ta zuwa hannunka. Ka saye su, akwai riba, kuma gara su koma masana'anta da su zauna a bayan ɗaki. Amma ka sayar da su a rufe yadda suka zo. Kada ka fasa da gatari, kada ka zubar da ruwan a ƙasa, kada ka narka farantan a kasko, ko da masunci ya roƙe ka dalmar birgi. Kada ka ajiye su a gidan da yara suke, ko inda shanu za su kai baki, domin saniya tana lasar fasasshen batir ta makance ta mutu. Kayan aikinka su kwana a shago, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki ɗanka. Tunda maganar ta zo, a gaya wa iyaye mata cewa kwallin dutse mai ƙyalli yawanci dutsen dalma ne. An taɓa gwada wanda aka sayo a Nijeriya aka sa wa wani jariri a Amurka a 2011, aka samu fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Idon jariri ba ya bukatarsa.

To tukunyar zubi tana cutarwa? Ya danganta da abin da ka sayar wa mai zubin. Ka ware masa buhu na musamman: tsofaffin tukwane da faranti, firam ɗin taga, ragowar kwanon rufin alminiyam, gwangwanin lemo duk da yana yawan datti. In zai sa fistin, a cire zobba da fil da duk wani baƙon ƙarfe, a wanke baƙin mai. Lagireto da tagulla da kayan lantarki da duk abin da ya shafi batir su tafi Kano. Kaskon da aka taɓa narka dalma a ciki kada ya sake ganin kayan tukunya. Kayan su bushe ƙayau kafin su shiga wuta, musamman da damina, don ɗigon ruwa a ƙarƙashin narkakken alminiyam fashewa yake ya watsa wa mutane. In ka tsinci wani farin ƙarfe da ya fi alminiyam rashin nauyi, ka kankare ka ɗiga lemun tsami. In ya yi kumfa magniziyam ne, yana kamawa da farar wutar da ruwa ke ƙara wa ƙarfi, a cire shi.

Masu girki kuma, tuwo da shinkafa da ruwan zafi ba su cika taɓa tukunyar ba. Miyar yakuwa da ta tumatir a dafa a juye, kada ta kwana a ciki. Zoɓo da tsamiya da gasara a jiƙa su a roba ko silba ko tukunyar ƙasa. Kunun yaye da abincin mai ciki, in da hali, a yi su a silba ko tukunyar kamfani. Tukunyar da cikinta ya yi ramuka ta gama aiki, a kawo maka ita. Idan kuma yaro a gidan mai zubi ko mai harkar batir ya fara yawan ciwon ciki, ko kasala da ɗashewa, ko jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, a kai shi babban asibiti, a faɗa wa likita sana'ar da ake yi a gidan, a nemi a auna dalma a jininsa, a auna sauran yaran gidan ma.